Daga Bangon Birni Zuwa Gilashin Waya: Tafiyata Damagaram

Sana'ata haɗa littattafan yara ce a Kano, kuma babu abin da ke ba ni wahala a cikinta kamar samun mai zane. Marubuta muna da su birjik. Amma wanda zai zana maka tsohuwa tana kaɗi, ka duba ka ce lalle wannan kakar wani ce a unguwarmu, sai an tona. Shi ya sa da ɗan yayata, wadda aure ya kai Zinder, wato Damagaram, shekaru da dama, ya fara turo mini zanensa ta WhatsApp, na ƙudura a raina sai na je na ga wurin da yake yin su da abin da yake yin su da shi. Ya ce mini da waya yake yi, da yatsa. Na so in gani da idona.

Na bar Kano da sassafe, lokacin hunturu, hazo ya lulluɓe gari. Tsakanin Kano da Zinder kusan kilomita 240 ne. Muka wuce Kazaure, muka wuce Daura, sai Kongolam inda ake sallama da Najeriya. A Ɗan Barto aka duba takardunmu, na canja kuɗi, na koma lissafi da jika da dala. Daga nan Matamaye, sai Kance, yankin da aka haifi Dorugu, yaron da ya bi Bature Barth har Landan a 1855. A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai. Da muka iso Tirmini wani dattijo da ke gefena ya nuna mini fili da haɓa, ya ce a nan dakarun Sarki Amadu Kuren Daga suka gwabza da Faransawa a 1899. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba, don kowa a motar ya san yadda aka ƙare.

Duwatsu ne ke fara yi wa baƙo maraba a Zinder, manya-manya, mulmulallu, wasu a kan wasu, gidaje sun raɓe a jikinsu. Garin yana da tsofaffin sassa biyu da kowa zai nuna maka: Birni, inda fadar Sultan take, da Zango, inda ayarin fatake daga Agadas da Tarabulus ke sauka a da. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka Damagaram, ya ƙarfafa ganuwa, ya sa ana ƙera masa igwa a cikin gari. Bayan zuwan Turawa nan ne babban birnin Nijar har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Yayata ta tarbe ni da fura mai sanyi da faɗan cewa na daɗe ban zo ba. Bayan la'asar ɗanta ya ce, "Kawu, tashi mu je fada, yaran suna jiranka."

Fadar tasu rumfa ce a bakin wani lungu a Sabon Gari: benci biyu, tabarma, butar shayi a kan gawayi. Samari ne 'yan makaranta, wasu a jami'ar André Salifou, wasu sun gama suna jiran aiki, ɗaya tela ne. Abin da ya haɗa su zane. Ɗan yayata ya zauna kusa da ni ya buɗe ibisPaint, manhajar wani kamfanin Japan da ta fito a 2011, wadda na lura kusan kowa a wurin ita ke cikin wayarsa.

Ga yadda ya yi. Ya ɗauko takardar da ya zana mai kabu-kabu da fensir tun da rana, ya ɗauke ta hoto, ya shigar da hoton cikin manhajar, ya rage masa ƙarfi har ya koma dishi-dishi. Sai ya ɗora sabon falle a kai, abin da su suke kira kalk, falle mai garai-garai da ake hango na ƙasa ta cikinsa. A kansa ya fara bin layin fensir da baƙar tawada. Yatsa ya fi layin kauri nesa ba kusa ba, don haka yakan buɗa hoton da yatsu biyu har idon mai babur ya cika gilashin wayar, ya ja gira ɗaya, ya tsuke, ya duba, ya sake buɗawa. Idan layi ya karkace sai ya taɓa gilashin da yatsu biyu, layin ya ɓace, ya sake ja. Akwai wani ma'auni da ya ɗaga wanda ke jinkirta layin kaɗan a bayan yatsa, yana shanye rawar hannu. Da ya gama tawada ya buɗe wani fallen a ƙarƙashinta don launi, wani don inuwa, wani don bango. "Kawu, ka ga amfaninsa," in ji shi. "In ka ce rigar ba ta yi ba, ita kaɗai zan canja, fuskar ba abin da zai same ta." Shayi na uku bai sauka ba sai ga mai kabu-kabu ya fito, da tsumman da ya ɗaure hanci da shi saboda ƙura. Ya danna wani wuri, manhajar ta maimaita mana aikin tun daga layin farko cikin daƙiƙoƙi, don tana naɗe duk abin da hannu ya yi. Da irin wannan bidiyo suke koya wa juna.

Na tambaye su me ya sa ita, alhali a Kano masu ɗab'i ba su san komai ba sai Photoshop da CorelDRAW. Amsar tasu ta lissafi ce. Tun 2013 kamfanin Adobe mai Photoshop ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata, kuma sai da katin banki mai aiki a intanet. Procreate, wadda ake yabo ko'ina, sau ɗaya ake biya, amma sai a na'urorin Apple. Clip Studio Paint, wadda masu labarin zane na Japan ke ji da ita, ita ma da kuɗi. Ita kuwa ibisPaint kyauta ce, in kana son buɗe sauran burusanta ka kalli talla ta buɗe maka na wasu sa'o'i. Mai son zane mai motsi yana da FlipaClip. Sai maganar wuta. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma da aka yanke shi a watan Agusta na shekarar kowa ya ji a jikinsa. Waya kuwa ƙaramin faifan sola ya ishe ta. Wato aljihu da batir ne suka zaɓar musu manhaja, kuma zaɓin bai yi muni ba.

Iyakar wayar tana bayyana ne idan aka zo ɗab'i, kuma nan ne na sa baki, tunda fagena ne. Shafin littafi mai girman A4, in ana son ya fito tas, yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, wato ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Falle ɗaya mai wannan girma yana cin wajen megabayit 35 na ƙwaƙwalwar na'ura. Ka tara falle goma sha biyar, ƙaramar waya ta fara nishi, wata ma ta rufe aikin. Saboda haka yaran sukan zana ƙarami, ya yi kyau a Facebook, amma in aka buɗa shi a takarda sai ya farfashe. Ga kuma launi: gilashi da haske yake haɗa launinsa, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, shi ya sa koren da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe.

Washegari suka kai ni gidan wata ɗaliba, ƙanwar ɗaya daga cikinsu, wadda ita kaɗai ke da kwamfuta da allon zane. Muka gaisa da mahaifiyarta, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Kwamfutar tsohuwa ce, allon kuma ƙarami, ƙirar Huion ta ƙasar Sin, da alƙalaminsa marar batir mai jin nauyin hannu: ka danna layi ya yi kauri, ka sassauta ya sirance. Krita take amfani da ita. Wannan manhaja ba ta kamfani ba ce. Masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ne ke gina ta, wata gidauniya a Holan na kula da ita, kowa na da izinin ya sauke ta, ya kwafa wa wani, ba sata ba ce. Ba ta bukatar intanet in an sa ta, tana iya aiki da launin injin ɗab'i, kuma tun 2016 ana iya yin zane mai motsi da ita. Ɗalibar ta rage tazarar ajiyar da manhajar ke yi da kanta zuwa mintuna kaɗan, don batirin kwamfutar ya mutu, wuta na ɗaukewa komai ke tsayawa.

Hannunta ya ƙware, babu shakka. Amma da na bi zanenta ɗaya bayan ɗaya, da na sauran yaran, wani abu ya tsaya mini a rai. Idanun mutanen manya ne irin na katun ɗin Japan, haɓa a tsuke, gashi a miƙe. Bayansu dogayen benaye da itatuwa masu furen ruwan hoda. Na ce, "'Yata, wannan wane gari ne?" Ta yi murmushi ta ce, "Kawu, shi ne ke cikin manhajar." Gaskiya ta faɗa. Manhajoji irin su ibisPaint suna zuwa da rumbun kaya: bango shiryayye, adon tufafi, gajimare, ganye, kuma duk daga ƙasar masu su aka ɗebo. Yaron da ke sauri zai miƙa hannu ya ɗauki abin da ke kusa. Telan cikinsu ya ce ya gwada basirar na'ura, ya nemi ta zana masa sarkin Hausa a kan doki, ta ba shi Balarabe da rawani marar kunne. Ba mugunta ba ce ta kowa. Abin da ba mu zuba a rumbun ba, ba za mu tarar da shi a ciki ba.

Na ce su raka ni Birni. Sun sha wucewa ta nan a kan babur, amma yau da ƙafa muka shiga. Ƙofar fada tana nan da kwarjininta, dogarai cikin ja da kore. Muka kutsa lunguna, kuma a nan ne Zinder ke ɓoye dukiyarta: fuskokin gidaje masu zankwaye a sama, an cika su da zane tun daga dokin ƙofa har kai. Dagi, da'irori masu shiga juna, takubba, layuka masu nannaɗewa. Wasu na laka ne mai tudu, wasu an tsaga su a jikin siminti an bi da fenti shuɗi da rawaya da ja. Wasu kuma damina ta cinye rabinsu, wasu an shafe su da sabon yaɓe sumul.

A wani zaure muka tarar da tsohon magini, wanda kakan ɗaya daga cikin yaran ya sani. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na ce, "Baba, yara ne masu zane, sun zo ganin aikin manya." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo ruwa, sa'an nan ya miƙe da sandarsa ya kai mu gaban wani bango da ya ce da hannunsa a ciki tun yana saurayi. Ya bayyana yadda ake kwaɓa ƙasa a bar ta ta kwana ta ruɓa, yadda ake ɗora zanen tun yaɓe na ɗanye, ana murza laka a tafi ana mannawa, ana gyara gefe da yatsa a jiƙe, sa'an nan a shafe da makuba don ruwa. Ɗan yayata ya nuna masa abin da manhaja ke iya yi: ya kafa layin madubi a tsakiyar gilashi, ya zana rabin dagi, ɗaya rabin ya fito da kansa. Tsohon ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ya yi kyau, yaro. Amma dubi nawa. Dama da hagu wa da ƙane ne, ba tagwaye ba." Muka duba, haka ne. Hannun dama na daginsa ya ɗan fi faɗi, kuma wannan 'yar tazara ita ke sa ido ya zagaya zanen maimakon ya tsaya cak.

Da izininsa da na masu gidajen muka ɗauki hotuna. Da dare, a zauren su ɗalibar, aka yi aikin da ya fi faranta mini rai a tafiyar nan. Lungun ya yi matsi, don haka hoton a karkace ya fito, sama ta tsuke. Ta fara miƙe shi a Krita, ta ja kusurwoyi huɗu har bangon ya tsaya sosai. Sa'an nan ta buɗe Inkscape, ita ma kyauta ce, tun 2003 take. Bambancinta shi ne ba ɗigo take tarawa ba, lissafin layi take riƙewa, saboda haka zane ɗaya zai iya zama tambari a kan kati, ya kuma cika allon talla, bai farfashe ba. Manhajar tana iya bin hoto da kanta, amma da aka gwada sai ta kwaso har tsagar bango da kashin tsuntsu. Ɗalibar ta koma bi da hannu, tana kafa ƙulli a kowace kwana, tana lanƙwasa layin tsakaninsu. Da ta zo hannun dama na dagin, ta bar shi da faɗinsa yadda Baba ya yi shi. Ta ɗebo launuka daga hoton kansa, jan ƙasa, ruwan makuba, shuɗin ƙofa, tokar dutse, ta adana su jeri guda. A sunan fayil ɗin ta rubuta unguwa da sunan maginin. Wannan na ƙarshe ni na roƙa, domin zanen yana da mai shi, kuma duk wanda zai ci kuɗi da shi gobe ya kamata ya san ƙofar da zai je ya yi godiya.

Nan muka gano wata matsalar. Da ta zo rubuta magana a bakin mutanen zanenta, haruffa masu lanƙwasa suka fito akwati-akwati babu komai, don yawancin salon rubutun da ake yi wa labarin zane ba su san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba. Yaran sun saba su rubuta k da d kawai su wuce. Ga littafin yara wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, don da shi yaro ke koyon karatu. Na nuna musu Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu, da jerin Noto na Google. Duka kyauta ne, duka suna da haruffanmu, kuma ana iya shigar da su cikin manhajojin nan.

Wani cikinsu ya ce shi zanen barkwanci yake so, irin na jarida, amma ana ce masa wannan ba al'adarmu ba ce. Na ce ya tambayi iyayensa labarin Wasan Kara, wanda a garin nan ake yin sa: matasa su yi shigar sarakuna da manyan gwamnati, su ƙera kayan mulki da kara, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, jama'a na dariya, waɗanda ake kwaikwaya ma na kallo. Inoussa Ousseini ya ɗauke shi a fim a 1980. Na kuma ba su labarin Moustapha Alassane, wanda ya yi zamansa a Tawa ya rasu a 2015. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan fanni a Afirka. Hoto bayan hoto ya zana shi da hannu. Abin da ke aljihun kowane ɗayansu yau ya fi duk kayan aikin da mutumin nan ya fara da su. A Najeriya ma ga Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, wanda zanensa ke yawo a wayoyin mutane kafin jaridar ta iso kasuwa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da zana mai rai ba, ƙofa a buɗe take: zayyanar allo, adon dukawa a jikin fata, aikin wuyan riga, tukwanen Mirriya, duk fage ne mai faɗi, kuma kasuwarsa na nan wurin masu buga kati da atamfa da bangon littafi.

Kafin in taso muka yi shawara a fada, shayi na zagayawa. Za su buɗe jaka guda a kwamfutar ɗalibar, su sa mata suna Damagaram. Duk wanda ya bi zanen wani bango, ko ya haɗa jerin launi, ko ya ƙera burushi mai fitar da ƙurar hunturu ko saƙar zana, ya zuba a ciki, a riƙa raba ta waya zuwa waya ba tare da an kashe ko dala a intanet ba. Ni kuma na ɗauki alkawarin ba su aikin littafi, bisa sharaɗin a zana shi da girman ɗab'i, da haruffa cikakku, mutanen ciki kuma su yi kama da waɗanda na gani a Zango da Birni. Na biya kafin alƙalami, don mai zane ma yana cin tuwo.

A hanyar komawa, tsakanin Matamaye da Daura, abin da nake ta juyawa a rai shi ne lokaci. Manhaja za ta jira, kullum ma sabuwa ake fitarwa. Bangon laka ba ya jira, maginan da suka san sirrinsa kuma sun manyanta. Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗaliban jami'ar garin ba, bai fi ƙarfin fadar Sultan ba in ta sa albarka masu gidaje su buɗe ƙofa, kuma kayan yin sa kyauta ne. Haka yake a Katsina da Zariya da Agadas da cikin badalar Kano. Duk mai waya da ido a waɗannan garuruwa ya fara da bangon da ya fi kusa da gidansu, ya nemi izini, ya tambayi sunan wanda ya yi shi, ya bi layinsa kafin damina mai zuwa.